Yadda Za Ki Haɗa Wa Kanki Kwandon Labarai A Waya, Ba Sai Kin Karanci Kwamfuta Ba

In kika buɗe wayarki yanzu, da wuya ba ki tarar da saƙonni jibge a guruf ɗin dangi, na makarantar yara, na adashi da na 'yan ajinku na sakandare ba. A cikin tarin nan akwai sanarwa ɗaya ko biyu da suka shafi gidanki kai tsaye, kamar ranar rufe rajistar JAMB ko gargaɗin ɓarkewar sanƙarau a jiharku. Sai dai kafin ki kai gare su kin wuce bidiyon biki, tallan atamfa da muryar wani da ya ce a tura wa mutum goma. Wani lokaci ma sanarwar ba ta iso ki sai ranar ta wuce.

Facebook da TikTok kuwa su ne ke zaɓar abin da za ki gani, kuma abin da suke so shi ne ki daɗe kina kallo. Ba su san cewa kina da yaro ɗan aji shida ba, ko sun sani ba shi ne damuwarsu ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancinmu mun tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare da saƙon a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Iyaye mata ne suka dinga tada yara suna ɗura musu, don son da suke yi musu. Mutane da dama sun kwanta asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Saƙon bai fito daga wata hukumar lafiya ba, waya ce kawai ta miƙa wa waya.

Akwai wata tsohuwar hanya a intanet da take ba ki damar juya lamarin, ke ki zaɓi waɗanda za ki ji daga bakinsu. Sunanta RSS. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fara fito da ita a 1999, kuma har yau tana aiki. Yawancin shirye-shiryen fodkas da ake saurara ta kanta suke isowa waya. Abin da take yi mai sauƙi ne. Shafin intanet yana ajiye wani adireshi na musamman, duk lokacin da ya wallafa sabon abu sai ya rubuta kanun, ranar da 'yar taƙaitawa a wurin. Ke kuma kina da manhajar karantawa, irin su Feedly ko Inoreader, wadda take leƙa adireshin ta kwaso miki. Abin da kika ce a kawo shi za a kawo, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Da yake rubutu ne galibi, data ma ba ya ci kamar bidiyon da ke kunna kansa.

Da Google ya rufe manhajarsa ta Google Reader a ranar 1 ga Yulin 2013, mutane da yawa sun ɗauka RSS ta mutu. Ba ta mutu ba, an dai daina tallarta.

Aikin farko shi ne tattara adireshin. Shafukan da aka gina da WordPress, kuma jaridu da shafukan girki masu yawa da shi aka gina su, sai ki ƙara /feed a ƙarshen adireshin shafin. BBC Hausa na da nata. Kowace tasha ta YouTube ma tana da shi, yana nuna bidiyo 15 na baya-bayan nan, kuma in kika liƙa adireshin tashar a Inoreader ko Feedly su da kansu suke gano shi. Wannan ya fi amfani ga mai yara: tashar malamin lissafi ko ta karatun Alƙur'ani da kika yarda da ita za ta zo jere, ba sai yaro ya shiga shafin farko na YouTube yana lalube ba. Facebook da Instagram kam ba sa bayar da irin wannan adireshi, kada ki ɓata lokacinki a kansu.

To hukumar da shafinta ba shi da RSS fa? Nan Google Alerts ke shigowa. Ki shiga google.com/alerts da asusunki na Gmail, ki rubuta kalmar da kike so a sa mata ido, misali JAMB, ko NECO, ko kwalara tare da sunan jiharku. Ki taɓa wurin zaɓuɓɓuka, a layin da ke tambayar inda za a kai saƙon ki canja daga imel zuwa RSS. Zai ba ki adireshi, ki kwafe shi. Shawara ɗaya daga gare ni: ki yi kalmar cutar da Turanci ki kuma yi ta da Hausa, domin yawancin sanarwar hukumomi irin su NCDC da Turanci take fara fita. Haka kuma kalma irin sanƙarau ki rubuta ta da ƙugiya, ki sake rubuta ta babu ƙugiya, don shafuka da yawa ba sa sa ƙugiya.

In ke kaɗai za ki karanta, gaskiya nan ma ya isa. Ki zuba adireshin a Feedly ko Inoreader, ki raba su gida-gida, makaranta daban, lafiya daban, shi ke nan.

Amfanin haɗa kwando naki na kanki yana fitowa ne idan ba ke kaɗai ba ce. Kina so maigida ya ga abin da kika gani, ko ƙanwarki da ke aure a Zariya, ko babban yaron da ke jiran sakamako, ba tare da kin zauna kina koya wa kowa adireshi bakwai ba. Kina so ki miƙa musu adireshi ɗaya tak. Wannan aiki da can sai mai rubuta manhaja. Yanzu akwai shafuka irin su Zapier da IFTTT, waɗanda suka fito a farkon shekarun 2010, da suke haɗa manhaja da manhaja ba tare da kin rubuta ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba. Tunanin da aka gina su a kai kin riga kin san shi daga kicin: in ruwa ya tafasa, a zuba shinkafa. Abu ɗaya ya faru, wani ya biyo baya.

A Zapier ana kiran kowane haɗi Zap. Ki buɗe asusu da imel ɗinki, ki ce za ki yi sabon Zap. Za ki ga akwati biyu, na sama shi ne abin da zai tayar da aikin, na ƙasa shi ne aikin da za a yi. A na sama ki nemo RSS by Zapier, ki zaɓi layin da aka rubuta "New Items in Multiple Feeds", wato sababbin abubuwa daga adireshi da yawa, ki liƙa waɗanda kika tara ɗaya bayan ɗaya. Zai gwada ya nuna miki misali guda, ki duba ko abin da kike tsammani ne.

A akwatin ƙasa ki sake zaɓar RSS by Zapier, amma wannan karon "Create Item in Feed". Zai ba ki farkon adireshi, ke ce za ki ƙarasa shi da sunan da kike so, misali labaran-gida. Sai gurabe uku da za ki cike: na kanu, na adireshin asalin labarin, da na abin da ke ciki. Ba da hannu za ki rubuta su ba. Kina taɓa gurbin zai nuno miki bayanan misalin da ya kwaso a sama, sai ki zaɓi kanu ki sa a gurbin kanu, haka sauran. A nan masu farawa suka fi kuskure, su rubuta kanu da hannu, sai kowane labari ya dinga fitowa da suna ɗaya. Gurbin adireshin asali kuma kada ki bar shi fanko, don shi ne zai ba mai karatu damar zuwa ya ga inda maganar ta fito. Kin gama sai ki kunna Zap ɗin, ki kwafi sabon adireshin, ki sa a manhajar karatunki, ki tura wa wanda kike so.

Ana iya yin duk wannan a waya idan kika sa Chrome ya nuna shafin irin na kwamfuta, amma rubutun yana ƙanana sosai. In akwai kwamfuta a gidan, ko ta yaro ce, ki ari rabin awa. Sau ɗaya ake yi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce za ta yanke abin da za ki zuba a kwandon. Tsarin kyauta na Zapier yana ba da aiki 100 a wata, kuma kowane labari da ya shiga kwandonki aiki ɗaya ne. In kika raba, bai wuce uku da ɗan ɗori a rana ba. Ki sa jarida guda mai fitar da labarai da yawa, cikin 'yan kwanaki rabonki na wata ya ƙare, kwando ya yi shiru, watakila a daidai makon da sanarwar da kike jira za ta fito. Matatar da ke tace labari da kalma tana nan, amma tana cikin tsarin biya. Don haka manyan kafafen labarai ki bar su a Feedly kai tsaye, can ba a ƙirga miki. Kwandon Zapier ki ware shi ga abin da ba ya yawan fitowa amma in ya fito yana da nauyi: jarrabawa, gargaɗin cuta, hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon shekara, tasha ɗaya ko biyu ta karatun yara. Kalmar JAMB ita kaɗai takan kawo ambaliya a lokacin rajista, gara ki haɗa ta da wata kalma ta rage. Kuma ki sani a tsarin kyauta duk bayan minti 15 yake leƙawa, ba nan take ba. IFTTT yana da zaɓin da ke ɗauko labari sai in yana ɗauke da kalmar da kika ba shi, ya tura miki ta imel ko Telegram, sai dai haɗin da yake bari ki yi kyauta kaɗan ne.

Wani abin da na ga ya dace da ƙungiyoyin iyaye shi ne, ba dole daga jarida abin zai fito ba. A akwatin sama kina iya sa Google Sheets, ki ce duk sabon layin da aka rubuta ya zama sanarwa. Sakatariyar ƙungiyar iyaye ko ta islamiyya ta rubuta ranar taro ko ranar komawa hutu a layi ɗaya, ya bayyana a wayar duk wadda ta sa adireshin, ba ya nutsewa a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. Amma a nan sai an yi hattara: adireshin ba shi da makulli, duk wanda ya same shi zai karanta. Kada a sa sunan yaro, lambar waya, hoto, adireshin gida ko lissafin kuɗin adashi.

Haka kuma kwandon ba ya tantance gaskiya. Google Alerts yana kwaso duk shafin da ya ambaci kalmar, har da masu ƙirƙirar ranar jarrabawa don a taɓa shafinsu. In kanu ya zo kan rajista ko sakamako, ki taɓa adireshin asalin ki ga wa ya faɗa, sannan ki tabbatar a shafin hukumar kanta, na JAMB shi ne jamb.gov.ng, kafin ki ba yaro kuɗi ya tafi cibiyar rajista. In na lafiya ne, a tambayi ma'aikacin asibiti kafin a ba yaro komai. Shafin da ya kawo miki ƙarya sau biyu, in kai tsaye kika sa shi, ki koma akwatin sama ki goge adireshinsa. In ta Google Alerts yake shigowa, ki ƙara alamar ragewa da site: da sunan shafin a bayan kalmar da kika sa, ba zai sake fitowa ba.