Rijiyar Wakafi a Kasuwar Intanet

A watan Mayu na shekarar 2003 ne wasu mutum biyu, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila, suka fito da manhajar WordPress, wadda ke ba mutum ikon kafa shafinsa a intanet, ya zuba bayani da hotunan hajarsa, ko da bai taɓa karanta ilimin kwamfuta ba. Abin da ya bambanta ta da kayan sayarwa kuwa shi ne an bar asalin rubutunta a buɗe, tamkar rijiyar da aka yi wakafi a bakin hanya, kowa ya zo da gugansa.

Sharaɗin wannan wakafi, wanda ake kira GPL, bai haramta tijara ba ko kaɗan. Ya halatta ga kamfani ya ɗauka, ya gyara, ya yi ciniki a kai, har ya karɓi ladan aikinsa, illa iyaka idan ya rarraba abin da ya gyara ga jama'a, wajibi ne ya sake shi bisa sharaɗin da ya same shi. Albarkacin haka, yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke, kuma tun 2011 akwai WooCommerce, wadda ke mai da shafi kanti sosai, da farashi da lissafin kaya.

Sai dai mai ɗiba a rijiya ba ya kuɓuta daga yasa. Akwai kuɗin rajistar suna, da hayar na'urar da shafin zai zauna, da haƙƙin mai kula da shi, kuma wannan na ƙarshe ne attajirai suka fi yi wa rowa, alhali nan ne hatsarin yake. A ranar 15 ga Oktoba 2014 aka bayyana wani aibi a manhajar Drupal, 'yar uwar WordPress, kuma daga baya masu kula da tsaronta suka sanar cewa duk shafin da ba a toshe masa ɓarakar ba cikin sa'o'i 7, a ƙaddara ɓarayi sun riga sun shiga.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, kafin ka biya wanda zai gina maka shafi, tambaye shi wa zai riƙa sabunta manhajar, kuma ka tabbata da sunanka aka yi rajista, kalmar sirri tana hannunka.