Ƙaura daga Java 8: abin da masu haɗa manhajar kamfanoni ya kamata su sani

Java 8 ta fito a watan Maris na 2014, amma har yau akwai bankuna, kamfanonin inshora da ofisoshin gwamnati da manhajarsu ke tafiya a kanta. Dalili sananne ne: abin da ke aiki ba a son taɓa shi, balle in kuɗin mutane ne ke bi ta ciki. Sai dai kayan da aka gina waɗannan manhajoji da su sun yi gaba. Spring Boot 3, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, ba ya tashi sai da Java 17 ko sama da haka, kuma gyaran kyauta na Spring Boot 2.7 ya ƙare a watan Nuwamba na 2023. Wanda ya tsaya a baya, in aka gano wata kafar da ɓarayin intanet ke shiga, ko dai ya biya kuɗi a ba shi gyara, ko ya zauna ƙofa a buɗe.

Ƙaurar ta zama dole, amma ba ta son gaggawa. Ga matakan da suka fi sauƙaƙa ta, da kuma wurare biyu da suka fi shafar masu aiki da Hausa da Faransanci.

Wace Java za a nufa?

Tun 2018 ana fitar da sabuwar Java duk wata shida, amma kamfani ba ya bin kowace. Akwai waɗanda ake kula da su shekaru masu yawa, ana kiran su LTS: 8, 11 ta 2018, 17 ta 2021, 21 ta 2023 da 25 ta watan Satumba na 2025. A cikinsu ake zaɓe. Ga tsohuwar manhaja, 17 ce zangon farko, daga nan a wuce 21 ko 25.

Kafin a sauke komai, a duba lasisi. A watan Janairu na 2023 kamfanin Oracle ya sauya yadda yake sayar da Java SE: yanzu ana lissafi ne da yawan ma'aikatan kamfani baki ɗaya, ba waɗanda ke amfani da Java kaɗai ba. Farashin da ya wallafa ya fara daga dala 15 kowane ma'aikaci a wata ga kamfanin da bai kai mutum 1,000 ba. Ke nan kamfani mai ma'aikata 200 zai biya dala 36,000 a shekara, ko da mutum biyar ne ke taɓa Java. Akwai wasu samfura na kyauta da aka gina daga tushe ɗaya, wato OpenJDK, irin su Eclipse Temurin da Amazon Corretto. Sau da yawa manhaja tana tashi a kansu ba tare da an canza layi ko ɗaya ba.

Daga javax zuwa jakarta

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci. A 2017 Oracle ya miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse, aka sa mata suna Jakarta EE. Amma ba a daidaita kan ci gaba da amfani da sunan javax ba, don haka tun Jakarta EE 9 ta 2020 sunayen suka canza: javax.servlet ya zama jakarta.servlet, javax.persistence ya zama jakarta.persistence, haka javax.validation. Tomcat 9 yana gane tsohon suna, Tomcat 10 kuwa sabon kaɗai ya sani. Shi ya sa wanda ya ɗauki tsohon fayil ɗin WAR ya ɗora a Tomcat 10 zai ga saba ta tashi lafiya, amma shafuka suna amsa 404.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a umarci editan rubutu ya musanya duk wani javax da jakarta. Wasu sunayen na cikin Java ɗin kanta ne, ba su canza ba: javax.sql, javax.crypto da javax.net.ssl suna nan yadda suke. Gara a yi amfani da kayan da aka tanada don aikin, kamar OpenRewrite, Eclipse Transformer, ko manhajar ƙaura da masu Tomcat suka fitar. Bayan haka a duba fayilolin XML irin su persistence.xml da web.xml, don su ma suna ɗauke da tsoffin sunaye.

Mataki ɗaya a lokaci ɗaya

Kada a haɗa canjin Java da canjin Spring a rana ɗaya, don in abu ya lalace ba za a san mai laifi ba. Jerin da ya fi aminci shi ne a fara ɗaga Spring Boot zuwa 2.7 ana kan Java 8, sannan a koma Java 17 ana kan 2.7 ɗin, tunda yana aiki da duka biyun. Sai an ga komai ya zauna a shiga Spring Boot 3 da sunayen jakarta.

A zangon Java 17 abubuwa biyu ke yawan tsayar da aiki. Na farko, tun Java 11 an cire JAXB da JAX-WS daga cikin JDK, saboda haka manhajar da ke magana da banki ta hanyar SOAP sai an ƙara mata su a Maven ko Gradle. Na biyu, Java 17 ta kulle sassanta na ciki, tsoffin kayan aro da ke leƙa ciki sai su faɗi. Umarnin jdeps --jdk-internals yana nuna su tun kafin a fara. Ana iya buɗe ƙofar na ɗan lokaci da --add-opens, amma maganin gaske shi ne sabunta kayan.

Haruffanmu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da é

Har zuwa Java 17, in mai rubuta manhaja bai faɗi tsarin haruffa ba, Java tana bin na kwamfutar da take kai. A Windows ta Faransanci wannan shi ne windows-1252, wanda ya san é da ç amma bai san haruffan Hausa masu lanƙwasa ba. Sunan Ɗanladi ko Ƙasimu sai ya fito da alamar tambaya a farkonsa. Daga Java 18 an mayar da UTF-8 tsarin asali a ko'ina, wanda ya ɗauki haruffan duka.

Wannan ci gaba ne, amma akwai tarko ga mai tsallakawa daga 17 zuwa 21. Tsoffin fayilolin CSV da aka ajiye da windows-1252 za a riƙa karanta su a matsayin UTF-8, sai kalma irin décembre ta fito a gurɓace. Mafita ita ce a faɗi tsarin ƙarara a duk inda ake buɗe fayil, da StandardCharsets.UTF_8 ko sunan tsohon tsarin. Zaɓin -Dfile.encoding=COMPAT yana dawo da tsohon hali kafin a gama gyara. A duba rumbun bayanai ma: a MySQL utf8mb4 ake so, a Oracle kuwa AL32UTF8.

Lambobi da kuɗin CFA

A Faransanci ana raba dubbai da tazara, kamar 1 500 000. Tun Java 9 ƙa'idojin rubuta lamba da kwanan wata suna fitowa ne daga kundin CLDR, kuma a Java 17 tazarar Faransanci siririya ce mai lamba U+202F, ba U+00A0 ta Java 8 ba. Ido ba ya bambanta su, amma gwajin da ke kwatanta rubutu zai faɗi, kuma in salon haruffan da ake buga rasit na PDF da shi bai da wannan alama, ɗan akwati ko alamar tambaya za ta bayyana a tsakiyar kuɗin. Abokin ciniki a Maradi ko Garwa da ya ga haka a rasit ɗinsa ba zai yarda da lissafin ba.

Tunda an buɗe sashen kuɗi, a tabbatar manhaja ta san cewa XOF ta Nijar da Benin da XAF ta Kamaru da Chadi ba su da lamba bayan waƙafi, alhali naira da sidi suna da biyu. Currency.getDefaultFractionDigits() yana ba da amsar, ba sai an rubuta 2 da hannu ba.

Kafin ranar ƙaura

A tanadi saba ta gwaji da kwafin bayanai na gaske waɗanda aka ɓoye sunayen masu su. A saka sunaye masu ɗ da ƙ da é, a buga rasit, a fitar da rahoton ƙarshen wata a tsohuwar Java da sabuwa, a kwatanta su layi-layi. A guji ƙarshen wata lokacin biyan albashi, kuma a bar tsohuwar saba a kunne har sai sabuwar ta rufe lissafin wata guda cikakke ba tare da bambanci ba.