Kek ɗin Ango, Gara da Walima: Me Sunna Ta Ɗora wa Wa?

Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, lokacin aure ya kama a garuruwan gabashin Sakkwato. Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, da wuya Juma'a ta wuce ba a ji an raba goro da dabino a ƙofar wani gida ko harabar wani masallaci ba. A 'yan shekarun nan kuwa wani baƙon abu ya fara kutsowa cikin hidimar buki, musamman a gidajen ma'aikata da masu 'yan'uwa a birni, wato kek ɗin da ake yo oda daga cikin Sakkwato. Wayar hannu ta kuma nuna wa matasa cewa a wasu wuraren ba a tsayawa ga kek guda: akwai na amarya, akwai kuma na ango. Kafin wannan ya zama wani sabon nauyi a wuyan iyaye, ya dace a san inda ya samo asali, a kuma auna shi da ma'aunin shari'a.

Daga Ingila zuwa kudancin Amurka

Al'adar kek ɗin ango ta yi ƙarfi ne a Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Kek ɗin amarya fari ne mai hawa-hawa. Na ango kuwa ƙarami ne, mai duhun launi, cike da busassun 'ya'yan itace, kuma sau da yawa ana jiƙa shi da giya domin ya daɗe bai lalace ba. Ana yanka shi a ƙulla wa baƙi su tafi da shi gida. Akwai camfin da ke tare da shi, cewa budurwar da ta sa yankinsa ƙarƙashin matashin kai za ta yi mafarkin mijin da za ta aura.

Daga baya al'adar ta ja da baya a Ingila, ta sami gindin zama a jihohin kudancin Amurka, inda aka fi yin sa da cakulan, a siffanta shi da abin da ango yake sha'awa, kamar ƙwallo ko mota ko dabba. Galibi amarya ce ke yin sa kyauta ga angonta. Duniya ta sake jin labarinsa a ranar 29 ga Afrilu, 2011, lokacin auren Yarima William na Ingila, wanda kamfanin McVitie's ya yi masa kek na biskit da cakulan ban da babban kek ɗin bukin.

Mu ma muna da namu

Wanda ya san bukin Hausa zai ga cewa manufar karrama ango da danginsa da kayan zaƙi daga ɓangaren amarya ba sabuwa ba ce a wurinmu. Ita ce gara. Bayan an kai amarya ɗakinta, iyayenta kan aika da shinkafa, gero ko dawa, man gyaɗa, man shanu, gishiri da daddawa, sannan a ɗora da alkaki, nakiya, dubulan da cincin. Dangin ango su karɓa, su ba da tukwici, su rarraba wa 'yan'uwa da maƙwabta. Kowa ya ɗanɗana ya san an yi aure a gidan wane, ya kuma sa albarka.

Alkaki da tsakin alkama ake yin sa, a bar shi ya yi tsami, a naɗe, a soya, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Nakiya kuwa shinkafa ce ake dakawa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari da masoro, kuma takan yi watanni ba ta canza ba. Kusan duk abin da ake buƙata ƙasar nan tana bayarwa. Fadamun Wurno da filayen noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima suna fitar da shinkafa da alkama, rugage kuma suna kawo man shanu. Kuɗin da aka kashe a kan nakiya yana komawa ne hannun manomi da makiyayi da matan da ke sana'ar daka da tuya a cikin gari.

Walimar da Annabi (SAW) ya koyar

A Musulunci abincin aure yana da suna da mai shi. Sunansa walima, kuma ango ne aka nema da ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa da Annabi (SAW) ya ji Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya yi aure, sai ya yi masa addu'ar albarka, ya umurce shi da yin walima ko da da akuya guda ce. Abdurrahman kuwa bai daɗe da yin hijira ba a lokacin, yana farfaɗowa ne a kasuwar Madina.

Walimomin Manzon Allah (SAW) da kansa sun bambanta gwargwadon hali. A auren Zainab 'yar Jahshi (RA) ya yanka akuya, ya ƙosar da mutane da gurasa da nama. A auren wata daga cikin matansa mudu biyu na sha'ir kawai aka yi amfani da su. A auren Safiyya 'yar Huyayyi (RA) kuwa, a kan hanyar dawowa daga Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, babu nama babu gurasa. An shimfiɗa buzaye, kowa ya kawo abin da ke cikin guzurinsa, aka haɗa dabino da cuku da man shanu aka cuɗa, abin da Larabawa ke kira haisu. Wanda ya san nakiya zai ga kusancinsu. Ashe kayan zaƙi a walima yana da asali a Sunna, kuma an yi shi ne da abin da ke hannu.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukan wannan yanki, walima mustahabbi ce, kuma an fi son a yi ta bayan tarewa. Amsa gayyata wajibi ne ga wanda aka kira da sunansa, matuƙar babu abin ƙi a wurin. Abu Huraira (RA) ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, inda aka siffanta abincinta da mafi sharrin abinci.

To, ina hukuncin kek?

Ƙa'idar malamai ita ce, abinci da al'adu asalinsu halacci ne har sai dalili ya hana. Fulawa da ƙwai da sukari ba su haramta don an gasa su a tanda ta zamani ba, kamar yadda shayi da burodi suka shigo mana daga waje suka zama abincin kowa. Inda ake duba shi ne abin da ya raka kek ɗin.

Na farko, abin da aka sa a cikinsa. Idan an jiƙa shi da giya, kamar yadda ake yi wa na asali, haramun ne, babu saɓani. Na biyu, siffarsa. Shehu Ahmad Dardir, a sharhinsa ga Mukhtasar na Khalil, ya bayyana cewa sassaƙa cikakkiyar surar mai rai wadda ke da inuwa haramun ne, kuma ra'ayi mafi rinjaye shi ne hanin ya haɗa da wadda aka yi da abin da ba ya daɗewa. Saboda haka 'yan gumakan ango da amarya da ake kafawa a kan kek, da kek ɗin da aka yi masa surar dabba, sun shiga cikin wannan magana. Na uku, camfi. Duk wani imani cewa yanka kek tare ko ajiye yankinsa yana jawo sa'a ko nuna gaibu, ba shi da gurbi a aƙidar Musulmi. Na huɗu, taron da ake yanka shi. Yawanci a dina ake yi, inda maza da mata ke cakuɗa, amarya cikin kwalliya a gaban waɗanda ba muharramanta ba, ana ɗauka a waya ana yaɗawa. A nan laifin na taron ne, ko da nakiya aka raba a cikinsa.

Akwai kuma abin lura a cikin Mukhtasar ɗin kansa: an karhanta watsa kayan zaƙi irin su sukari da lauzi a wurin walima domin mutane su yi wawaso, saboda yana zubar da mutunci. Masu watsa alewa da dabino a wurin ɗaurin aure, yara da manya suna ture juna, ya kamata su ji wannan. Miƙa wa mutum a hannu ya fi dacewa da girmama baƙo da girmama abincin.

Nauyin da aka juya

Babbar matsalar ta wuce kek. A shari'a sadaki na miji ne, ciyarwa da tufatarwa da muhalli na miji ne, walima ma tasa ce. Abin da Malikiyya suka ɗora wa mace na kayan ɗaki shi ne gwargwadon sadakin da ta karɓa, bisa al'adar garinsu. Gara kyauta ce da ihsani, babu wanda shari'a ta wajabta wa ita. Amma yau an wayi gari ana ƙirga buhuna da jarkoki da robobin alkaki, a yi wa amarya gori idan sun gaza. Uba ya sayar da gona ko ya jinginar da fadama, uwa ta ci bashin adashi. Idan aka ƙara kek ɗin ango a kan wannan jeri, kuma aka ce daga ɓangaren amarya zai fito kamar yadda ake yi a Amurka, an ƙara wa mai ɗauke da kaya dutse ke nan.

Wannan kuwa a yankin da ya sha wuyar 'yan bindiga. Harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018 ya tilasta wa jama'a gudun hijira zuwa Gandi, kuma a watan Oktoban 2021 an kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Akwai marayu da zawarawa da 'yan mata da aurensu ke jira saboda babu abin gara. A farkon 2023 Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta amince da ƙudurin dokar rage almubazzaranci a bukukuwan aure da suna da kaciya. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida ta hana gori. Wannan aikin limamai ne da masu unguwanni da iyaye mata.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin irin wannan gyara ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Ihya'us Sunna, ya ware babi a kan aure, ya soki cinye sadakin mace da walimar da ke tattare da ɓarna. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno ya kuma rasu a can a 1837, ya kwaɗaitar da shugabanni su raya noma da sana'o'in hannu domin jama'a su wadatu da abin da ƙasarsu ke samarwa. Mai sayen nakiya a hannun matar unguwarsu yana kan wannan turba.

Wanda Allah ya hore wa, ya so ya sa kek mai tsabta a walimarsa, babu giya, babu gunki, babu cakuɗa, ba za a ce ya yi haramun ba. Amma ya biya daga aljihunsa, kada ya jira surukai, kuma ya tuna da almajiri da ɗan gudun hijira da ke bayan gidansa. Wanda ba shi da hali kuwa, kwanon dabino da ƙwaryar fura sun isar masa, ya kuma yi koyi da mafificin halitta. Iyayen amarya su kai abin da ya sauwaƙa, dangin ango su karɓa da godiya ba tare da ƙirga ba.

Allah ya sanya albarka a aurarrakinmu, ya sauƙaƙa wa masu nema, ya dawo da zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya. Amin.