Hawan Manyan Duwatsu: Kafin Ka Hau, Ka San Hanyar Sauka

In ka shiga birnin Kano ta Ƙofar Mazugal, ba za ka yi nisa ba sai ka ga Dutsen Dala a tsaye bisa kan gidaje. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Barbushe mutane suke zaune a gindinsa. Yau akwai matakala har sama. Yara sukan hau a guje, su hangi Goron Dutse, su sauko tun tuwo bai huce ba. Ƙolin Dala yana mita 534 bisa teku, amma da yake Kano kanta a kan tudu take, ainihin hawan bai kai mita 100 ba.

A waɗansu ƙasashe kuwa akwai duwatsun da akan kwana bakwai ana hawa, bisansu ƙanƙara ce rani da damina. Mutane sukan bar gida da iyali su tafi hawansu, waɗansu ba su komowa. In an bi labarinsu, sai a ga da yawa ba wurin hawa suka halaka ba. Wurin sauka ne.

Baturen da ya hau shi kaɗai

A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dala ya zana surar birnin Kano daga can. Amma saura kaɗan da bai taɓa ganin Kano ba. A watan Yuli na 1850, sa'ad da ayarinsu yake kusa da garin Ghat a ƙasar Libiya ta yau, ya ga wani dutse mai suna Idinen. Buzaye suka gargaɗe shi kada ya je. Ya ƙi ji, ya tafi ba ja-gora. Ya kai sama a gajiye. Da ya juyo sai hanya ta ɓace masa, ruwansa ya ƙare. Ƙishirwa ta kai shi har ya yanka hannunsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi a kwance, ya ba shi ruwa.

Dutsen Idinen ba shi da ƙanƙara. Zafi ne da ƙishirwa kaɗai. To, ina ga inda sanyi da ƙarancin iska suka haɗu?

Kilimanjaro da hanyoyinsa

Dutse mafi tsawo a Afirka shi ne Kilimanjaro a ƙasar Tanzaniya, mita 5,895. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango shi, ya rubuta gida cewa ya ga dusar ƙanƙara a tsakiyar Afirka. Waɗansu masana a Ingila suka ƙaryata shi. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka ƙolinsa. Daga 1912 zuwa yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar nan ta narke.

Dutsen ɗaya ne, amma hanyoyinsa da yawa. Hanyar Marangu tana da ɗakunan kwana, ana iya gama ta cikin kwana 5. Hanyar Machame takan ci kwana 6 ko 7, ta Lemosho kuwa 7 ko 8. Hanyar Umbwe gajeriya ce, a miƙe take ƙwarai. Akwai kuma wadda ta ratsa ta wata ɓaraka a gefen yamma na dutsen. A can ne duwatsu suka gangaro suka kashe Amurkawa uku a watan Janairu na 2006.

Mai karatu zai ce ai gara a bi wadda ta fi sauri. A'a. Ga dalili. In mutum yana hawa, iska tana ƙara sauƙi. A ƙolin Kilimanjaro, numfashi ɗaya yana kawo wa jiki wajen rabin iskar da yake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. In an yi gaggawa, sai ciwon kai, da amai, da rashin barci. In ya tsananta, ruwa yakan taru a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Mutum ya dinga tangaɗi kamar mashayi, yana magana ba kan gado. Ƙarfi ba ya hana wannan ciwo. Saurayi ɗan ƙwallo yana iya faɗuwa, dattijo mai tafiya a hankali ya wuce shi. Domin wannan ne ja-gororin wurin sukan yi ta cewa "pole pole" da Suwahili, watau sannu sannu. Mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa.

Babban maganin ciwon nan ɗaya ne, watau a sauko da mutum nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Igiyar da ta tsinke

A Kilimanjaro yawancin hanyoyi da ƙafa ake bi. A duwatsun Alps na Turai kuwa akwai inda sai da hannu da ƙafa, da igiya, da gatarin sarar ƙanƙara, da ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi. Mahaya sukan ɗaure kansu da igiya guda, domin in ɗaya ya zame sauran su riƙe shi.

A ran 14 ga Yuli 1865, mutum bakwai suka fara kaiwa ƙolin Matterhorn, mai tsawon mita 4,478, a kan iyakar Suwizalan da Italiya. Edward Whymper na Ingila yana cikinsu. Suka yi murna, suka juyo. Suna cikin sauka sai wani saurayi mai shekara 19, wanda bai ƙware ba, ya zame. Ya buge ja-goran da ke gabansa, suka jawo mutum biyu na bayansu. Igiya ta tsinke. Mutum huɗu suka faɗa, uku suka tsira. Da aka duba, ashe wadda ta tsinke ita ce mafi rauni cikin igiyoyin da suka ɗauko.

Akwai kuma wani dutse a Suwizalan mai suna Eiger. Fuskarsa ta arewa kamar bango take, tsawonta wajen mita 1,800. Rana ba ta cika haska ta ba, duwatsu kuma suna faɗowa daga sama. A 1936 samari huɗu suka kama hawanta. Suka zo wani fa mai santsi. Ɗayansu, Andreas Hinterstoisser, ya yi dabara ya ƙetare, ya ɗaura igiya, sauran suka bi. Sa'an nan suka janye igiyar suka tafi da ita. Can gaba dutse ya ji wa ɗaya rauni a ka, hadari kuma ya taso, tilas suka juyo. Da suka komo wurin, ƙanƙara ta lulluɓe shi, ba igiya, ba hanyar ƙetarewa. Dukansu huɗu suka rasu. Na ƙarshensu, Toni Kurz, ya kwana a rataye, ya mutu masu ceto suna ganinsa, hannunsu bai kai gare shi ba. Sai a 1938 waɗansu mutum huɗu suka gama hawan bangon nan.

A nan gida

Mu ma muna da namu duwatsu. Mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, mita 2,419, a Jihar Taraba, cikin gandun dajin Gashaka Gumti kusa da iyakar Kamaru. A Nijar akwai duwatsun Bagzan a ƙasar Azbin, ƙolinsu mita 2,022. Kusa da Jos akwai duwatsun Shere, inda ake da makarantar horar da matasa hawan dutse da jimiri. Ba ƙanƙara a waɗannan, amma akwai hazo, da santsin damina, da nisa daga asibiti.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku sun ce za su hawan babban dutse, kada ku yi saurin hana su. Abu ne mai gina jiki, yana koya haƙuri da taimakon juna. Amma ku zauna ku yi musu tambayoyi. Wane ne ja-gora? A Kilimanjaro doka ce, ba mai hawa sai da ja-gora mai lasin. Kwana nawa za a yi? Likitoci sun ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500. Akwai tufafin sanyi? Gama kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6, sanyin can ya fi hunturun Kano nesa. In wani ya kasa, wa zai sauko da shi, ta wace hanya?

Ku kuma matasa, ku sa wa kanku lokacin juyowa tun kuna ƙasa. In lokacin ya yi, ku juyo, ko da kuna ganin ƙoli kusa. Ku rage ruwa da abinci da ƙarfi domin sauka. In abokinku ya fara tangaɗi, ku bar dutsen ku rako shi ƙasa. Ba abin kunya ba ne. Dutse yana nan baɗi, a gida kuwa ana jiranku.