Kwashe Ruwan Masai Kafin a Taɓa Shi

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har yanzu shadda ce ta fi yawa a gidaje. Amma masai na zamani, wanda ake kora da ruwa, ya shiga asibitoci da ofisoshi da sababbin gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata. Ranar da ya fara yoyo ko ya tsage, ba kullum ake samun mai gyaran famfo a kusa ba. Wani lokaci sai an ɗauko shi daga Funtuwa, ga shi tafiya a hanyoyin yankin ba ta da daɗi a 'yan shekarun nan. Don haka ya kamata maigida ya san matakin farko da kansa, wato fitar da ruwan da ke ciki.

Ruwa iri biyu ne a masai, kuma bambancinsu shi ne tushen aikin. Na farko yana cikin ƙaramin tankin da ke baya. Wannan mai tsabta ne, daga tankin saman gida ya sauko, lita 6 zuwa 9 a yawancin na yanzu. Na biyu shi ne ɗan ruwan da ke kwance a gindin kwanon kullum, komai yawan korawa. Mutane da yawa suna ɗauka ragowa ce. A'a, da gangan aka ajiye shi. Bututun da ke ƙasa a lanƙwashe yake, ruwan da ya tsaya a lanƙwasar kuwa shi ne murfin da ke hana iskar sokawe dawowa cikin ɗaki. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1775, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Kafin komai, a wanke kwanon da sabulu, a kora sau ɗaya ko biyu, domin abin da hannu zai shiga ya zama da dama-dama. Sannan a rufe makullin ruwan da ke jikin bango kusa da masan. Gidaje da yawa ba a sa musu shi ba, saboda an so rage kuɗi lokacin gini. Idan haka ne, sai a rufe babban makullin da ke ƙarƙashin tankin sama, a kuma gaya wa mutanen gida su tari ruwa tukuna. In makullin ya ƙi juyawa don tsatsa, kada a matsa masa da ƙarfi, yana iya karyewa.

Ruwan ƙaramin tanki bai cancanci zubarwa ba. Duk wanda ya taɓa sayen jarka a wajen 'yan garuwa a tsakiyar bazara ya san darajarsa. A ɗaga murfin tankin, a ajiye shi a kan buhu ko tsumma nesa da hanya, domin tangaran ne, faɗuwa ɗaya ta ishe shi. A kwashe ruwan da moɗa zuwa bokiti don wanke tsakar gida, a danna hannun korawa a riƙe har sauran ya tafi, a tsane gindin da soso.

Na kwanon shi ne mai wuya. A sa safar hannu ta roba mai tsawo. A yanke gindin gorar ruwa a yi ludayi da ita, a riƙa ɗiba ana zubawa a wani bokiti dabam, ba wanda ake alwala ko wanki da shi ba. Idan ludayin ya daina kamawa, a tura soso ko tsumma can cikin lanƙwasar, a matse, a sake, har ya fito ba ɗigo. Duk da haka, in za a cire masan gaba ɗaya, a ɗaga shi a miƙe, don akwai ɗan ruwan da ke ɓuya a bayan lanƙwasar.

Wannan ruwa najasa ne, kuma ta irinsa amai da gudawa ke yaɗuwa. A zuba shi a shadda. Kada ya je kwata ko lungu inda yara ke wasa, balle kusa da rijiya.

Da zarar lanƙwasar ta bushe, ƙofar sokawe a buɗe take. Iskar da ke tasowa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana sa jiri da ciwon kai, wani sashenta ma yana kama wuta. A buɗe taga, a hana shan taba da ƙyasta ashana, a cusa tsumma mai kauri a bakin bututun, babba yadda ba zai faɗa ciki ba. Kada kuma a haɗa ruwan bilic da sinadarin wanke masai mai asid don kashe wari, haɗuwarsu tana fitar da iska mai ƙona huhu.

Bayan an gama gyara, a tuna a zare tsumman kafin a ɗora masan. Sannan a buɗe makulli a hankali, a bar tankin ya cika, a kora, a shafa busasshen hannu a kowace mahaɗa a ji ko akwai laima.