Idan Motar Mutum-mutumi Ta Ƙi Tafiya

Daga cikin abubuwan da ɗaliban kimiyya ke sha'awar ƙerawa a yau akwai 'yar ƙaramar motar mutum-mutumi mai ƙafa biyu ko huɗu. Kayan haɗa ta ba su da yawa: ƙananan injinan lantarki biyu, da batir, da wayoyi, da allon Arduino wanda aka fara ƙerawa a garin Ibreya na ƙasar Italiya a shekarar 2005. Ɗalibi a Suleja yana iya samun waya da dalma da batir a wajen masu gyaran rediyo da wayar hannu na kasuwar IBB. Amma sau da yawa sai ya aika Abuja ko Legas kafin ya sami allon kansa. Saboda haka idan ya ƙone shi, ya yi asarar kuɗi, kuma sai ya yi kwanaki yana jiran wani.

Arduino shi ne ƙwaƙwalwar motar, sai dai ba shi da ƙarfin juya taya. Kowace ƙafarsa an tsara ta ne ta ba da wutar da ba ta wuce miliamfiya 20 ba, alhali ƙaramin inji yana jan ninkin wannan sau goma ko fiye. Wanda ya haɗa injin kai tsaye da allon zai iya lalata shi. Don haka ake sa wani ɗan baƙin abu a tsakaninsu, wanda masu gyara ke kira ayisi. Wanda ɗalibai suka fi amfani da shi shi ne L293D, mai ƙafafu 16. Arduino yana ba shi umarni, shi kuma ya ɗebo wuta daga batir ya kai wa injin.

A cikin ayisin akwai makunnai huɗu don kowane inji, an jera su kamar harafin H, injin yana tsakiya. Idan aka kunna na sama ta hagu da na ƙasa ta dama, wuta za ta ratsa injin ta gefe ɗaya, taya ta yi gaba. Idan aka kunna sauran biyun, wutar za ta bi ta ɗaya gefen, taya ta yi baya. Manomin fadama ya san irin wannan dabara, domin da buɗe wata hanyar ruwa da toshe wata yake juya ruwa inda yake so.

To, idan motar ta ƙi motsi, yawancin ɗalibai kan ce ayisin ne ya mutu, su cire shi su jefar. Wannan gaggawa ce, domin sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Ya kamata a fara da injin kansa. A cire wayoyinsa biyu a taɓa su a jikin batir. In ya juya, to matsalar tana wani wuri.

Daga nan sai batir, kuma a nan ne aka fi samun tangarɗa. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 yana ruɗar mutane, saboda lambar da ke jikinsa babba ce. An yi shi ne don na'urori masu cin wuta kaɗan. Idan aka auna shi da mita ba ya aiki, zai nuna bolt 9 daidai, amma da zarar injina biyu sun fara ja, sai ƙarfinsa ya faɗi warwas. Saboda haka a riƙa auna batir a lokacin da injin ke ƙoƙarin juyawa. Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani: L293D da kansa yana cinye kimanin bolt 2 da rabi kafin wuta ta isa injin. Wanda ya sa ƙananan batura huɗu na tocila, wato bolt 6, injinsa zai sami kamar 3 da rabi ne kawai. Sai a ji yana ƙara kamar sauro, taya kuwa ba ta motsa ba. Batura biyu irin 18650, waɗanda ake samu a fitilun caji, suna ba da bolt 7.4, kuma sun fi dacewa. Sai dai a kiyaye kada bakunansu biyu su haɗu da waya ɗaya, domin suna iya kama wuta.

Idan batir na da ƙarfi, sai a duba ƙafafun ayisin. A gefe ɗaya na jikinsa akwai ɗan tsagi. A ajiye tsagin yana kallon sama, ƙafar farko ita ce ta sama ta hagu, sai a ƙirga ƙasa zuwa 8, a tsallaka dama a hau sama zuwa 16. Ƙafa ta 16 tana karɓar bolt 5 don ayisin ya fahimci umarni, ta 8 kuwa ita ce mashigar wutar injin. Ƙafafu huɗu na tsakiya, wato 4 da 5 da 12 da 13, su ne layin ƙasa. Dole ne baƙar wayar batir da layin ƙasa na Arduino su haɗu a wurin nan. In ba su haɗu ba, ayisin ba shi da ma'aunin da zai gane ko an turo masa umarni, sai motar ta yi shiru, ko ta riƙa zabura ba dalili. Waya ɗaya tak da aka manta tana iya cinye wa ɗalibi yini guda.

Ƙafa ta 1 da ta 9 su ne masu ba da izini, kowace tana kula da inji ɗaya. Matuƙar ba su sami bolt 5 ko umarnin gudu daga Arduino ba, injin ba zai juya ba. Wannan ne yakan sa taya ɗaya ta yi aiki, ɗaya ta tsaya, motar ta yi ta zagaye wuri guda.

Sai bayan duk wannan za a tuhumi ayisin. A sa bolt 5 a ƙafa ta 1 da ta 2, a haɗa ta 7 da layin ƙasa, sannan a auna tsakanin ta 3 da ta 6. In mita ta nuna wuta, yana da rai. In babu komai alhali ƙafa ta 8 da ta 16 suna da wuta, to ya ƙone.

Abin da ya fi ƙona shi zafi ne. Iyakar abin da yake iya ɗauka a kowane layi miliamfiya 600 ne, inji kuwa ya fi jan wuta a lokacin da taya ta maƙale. Zare ko gashi da ya naɗe a gindin taya, ko ƙurar hunturu da ta cushe haƙoran injin, sun isa su jawo haka. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a Suleja, ayisin ya fi saurin ɗaukar zafi. In aka taɓa shi da yatsa aka kasa jurewa, a kashe wuta nan take, a juya tayoyin da hannu a ga ko suna tafiya sumul.

Wani lokaci kuma motar kan tashi, ta tsaya, ta sake farawa daga farko. Injin ne ke girgiza wutar da Arduino ke sha, har ya ɗauke ya dawo. Maganinsa shi ne a liƙa 'yar ƙaramar kafasita mai maikurofarad 0.1 a tsakanin bakunan kowane inji, sannan a ba Arduino batirinsa daban, a bar layin ƙasa a haɗe.