Dashen Tumatir

Manoman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam a Jihar Kano, masu ban ruwa da ruwan dam ɗin Tiga, ba kasafai suke shuka irin tumatir kai tsaye a gona ba. Yafa shi suke yi a ɗan kwami su rene shi. In ya yi mako uku zuwa biyar, ya fitar da ganye huɗu ko biyar, sai a cire shi a kai shi inda zai zauna. Wannan shi ne dashe.

An fi yin sa daga Oktoba zuwa Disamba, don fure ya fito cikin sanyin hunturu. Wanda ya makara har furensa ya haɗu da zafin bazara, in zafin ya kai digiri 35, zai ga fure yana zubewa ba ɗa.

Saura mako guda a cire, a rage masa ruwa, a janye inuwar da aka yi masa, ya saba da wahala. Ranar cirewa kuwa a jiƙa kwamin sosai, a ɗago shi da ƙasarsa. Kada a fizge shi. Ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi su ne ke sha masa ruwa, in suka tsinke zai yi kwanaki a langaɓe, wani ma ba zai tashi ba. Shi ya sa ake jiran la'asar: dashen yamma yana samun dare guda ya farfaɗo kafin rana ta buge shi.

Tumatir yana da wata baiwa da manoma da yawa ba sa cin moriyarta. Duk inda ƙasa ta rufe kararsa, saiwa ce za ta fito. Don haka a binne shi har kusa da ganyen farko, musamman wanda ya yi tsawo ya sirance. A danne ƙasar da hannu, a ba shi ruwa nan take.

A bar tazarar kamar santimita 60 tsakanin layi da layi, 45 tsakanin tushe da tushe. Cunkoso yana hana iska ratsawa, ya gayyato cuta. Taki kuma ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye ƙone saiwa yake yi.

Mai karatu, ka rage 'yan kaɗan a kwami. Cikin makon farko tsutsa takan yanke wasu daga gindi, da waɗannan za ka cike gurbinsu.